Abin Da Kunnen Ɓera Ya Gaya Mana Game Da Man Kemis

 

Wannan makon akwatinku za mu buɗe, amma da izininku. A ƙarƙashin kayan makaranta, kusa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulun wanki, ba a cika rasa wani ɗan kwali ba, cikinsa da mai a bututu irin na man goge baki. In babu a akwatinka, akwai a na maƙwabcin gadonka. Daga Kiyako zuwa Babaldu, daga Sara zuwa cikin Gwaram, da wuya ka shiga kemis ka ce jikinka na ƙaiƙayi ka fito ba a miƙo maka shi ba. Ƙurajen fuska shi, makero shi, kyasbi shi, cizon sauro shi, har jaririn da famfas ya dafa wa cinya shi ake lafta wa. Wasu kuma ba ciwon komai suke yi ba, matse shi suke yi cikin man shafawarsu don fata ta yi haske. Gaskiya kuma a faɗe ta, yana aiki. Ka shafa da daddare, kafin kiran assalatu ƙaiƙayi ya kwanta. Wannan saurin aikin nasa shi ya sa ya kamata mu san mene ne a ciki.

Abin da ke ciki sunansa sitiroyid. Kada a rikita shi da wanda wasu masu ɗaga ƙarfe ke sha don su yi ƙwanji. Sunan gida ɗaya ne, aiki daban. Wannan namu ɗan'uwan wani sinadari ne da jikin kowannenmu ke yi da kansa, mai suna kotizol. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka kamar hula, ita ke zuba shi cikin jini, musamman da sassafe da kuma lokacin da jiki ya shiga wahala. Cikin ayyukansa har da tsawata wa garkuwar jiki in ta yi zafin rai. A 1948 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka yi wa wata mata mai tsananin ciwon gaɓɓai allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta tashi ta taka. A 1952 kuma wasu likitocin fata biyu, Marion Sulzberger da Victor Witten, suka nuna cewa in aka cuɗa haidirokotizon cikin mai aka shafa a fata, yana kwantar da kirci. Daga nan kamfanonin magani suka shiga tsere, suna sauya ginin sinadarin kaɗan-kaɗan don ƙara masa ƙarfi. Haka aka samu betametazon, aka samu kulobetasol wanda ya ninka haidirokotizon ƙarfi sau ɗaruruwa.

To me yake kwantarwa? A ajinmu na jami'a kalmar da malamai ke yawan maimaitawa ita ce kumburi, amma kumburin da suke nufi ya fi wanda muka sani faɗi. Ku tuna ranar da zuma ta harbe ku, ko ƙaya ta soke ku a gona. Wurin ya yi zafi, ya yi ja, ya tasa, yana zugi. Abin da ya faru shi ne ƙananan jijiyoyin jinin wurin sun buɗe, ruwa ya tsattsafo daga cikinsu, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sun yi ca a wurin. Wannan tsaron gida ne, ba cuta ba. Matsala na zuwa ne in sojojin suka tashi alhali babu abokin gaba, ko suka ƙi komawa bariki bayan faɗa ya ƙare, kamar yadda ake gani a kirci, ko a fatar da wani sabulu ko turare ko ƙarfen ɗan kunne bai karɓe ta ba. A nan sitiroyid ke da rana. Yana ratsa fata ya shiga cikin ƙwayar halitta, ya je cibiyarta inda ake ba da umarni, ya rage saƙonnin da ke kiran sojoji. Jijiyoyi su tsuke, ruwa ya janye, ƙaiƙayi ya lafa.

Ta yaya aka san wannan mai ya fi wancan ƙarfi tun kafin a shafa wa mutum? Nan ne ɓera ya shigo. Ba ɓeran rumbu ba, mai cinye mana gero. Ɓeran ɗakin gwaji a keji aka haife shi iyaye da kakanni, galibi fari ne tas mai jajayen idanu, nauyinsa giram 20 zuwa 30, an san kwanakinsa, an san abin da ya ci. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sashen nazarin aikin magunguna yana da gidan dabbobi inda ake kiwon irinsu, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta daɗe tana samar wa masu bincike dabbobin gwaji. Ana wannan tsantseni ne don a samu ɓeraye masu kama da juna kamar an tsaga kara, ta yadda in aka ga bambanci bayan gwaji, za a san daga magani ne.

Gwajin da ya fi shahara a kunne ake yin sa, don kunnen ɓera siriri ne, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kusan babu gashi, ga shi kuma guda biyu, ɗaya na iya zama ma'aunin ɗaya. Akwai wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta nahiyar Asiya, ana kiransa man kuroton, mai tsananin ƙuna a fata. Sai a sirka shi sosai, a ɗiga ɗigon da aka auna a cikin kunnen dama, a ƙyale na hagu. Cikin awa 4 zuwa 6 kunnen daman ya yi ja ya kumbura. Ana raba ɓerayen gida-gida, kowane gida kamar guda 6. Gida na farko ba a sa musu magani. Na biyu a shafa musu man da ake cuɗa maganin a ciki, amma babu maganin, don a tabbatar ba maiƙon ne ke aikin ba. Na uku a sa musu tsohon maganin da aka riga aka san ƙarfinsa. Sauran gidajen su samu sabon maganin, wasu kaɗan wasu da yawa. In lokaci ya cika sai a auna kaurin kunnuwa da wani ɗan ma'auni mai baki kamar filaya, ko kuma a kashe ɓerayen ta hanyar da ba za su wahala ba, a ciro da'ira mai faɗin milimita 6 daga kowane kunne a ɗora a sikeli. A wurin masu bincike na ƙwarai, mai awon ba ya sanin wane ɓera ne ya samu wane mai, don kada son zuciya ya shiga idonsa.

Lissafin da ke biyo baya ɗan aji uku ma zai iya. Bari mu ƙirƙiro lambobi don misali. A ce a gidan da ba a sa wa magani ba, kunnen dama ya fi na hagu nauyi da miligiram 8. A gidan da aka shafa wa sitiroyid kuwa bambancin miligiram 2 ne kacal. Ke nan maganin ya hana 6 cikin 8. A raba 6 gida 8, a ninka da 100, sai a samu kashi 75 cikin 100. Maganin da ya kai ga wannan sakamako da ɗan mitsitsin awo, ya fi wanda sai an lafta da yawa ƙarfi.

Yanzu ga inda muke so ku buɗe kunne. Masu binciken da suka fito da wannan gwaji a Amurka a 1965, Tonelli da abokan aikinsa, a kan manyan ɓeraye suka fara, kuma ba kunne kaɗai suka auna ba. Suna kuma buɗe ƙirjin dabbar su auna wata 'yar tsoka da ake kira taimus, wadda ke bayan ƙashin ƙirji, inda wani rukuni na sojojin jini ke samun horo. An san tsokar nan tana motsewa in sitiroyid ya yi yawa a jini. Sai ga shi maganin da aka sa a kunne, in mai ƙarfi ne ko awon ya yi yawa, yana sa ta motse can cikin ƙirji. Ashe fata ba katanga ba ce. Abin da aka shafa a waje yana iya shiga jini ya zaga jiki. Tun a wancan lokaci ɓera ya faɗi wannan, kuma a gwaji ɗaya ya faɗe shi tare da labarin amfanin maganin.

Akwai kuma wani irin ɓera da gashinsa ke zubewa tun yana ƙarami, ya zauna tsirara. Shi ake shafa wa mai a gadon baya kullum na 'yan makonni, a riƙa tsunkular fatar ana auna kaurinta. Fatar sirancewa take yi. In aka duba ta a na'urar ganin ƙananan halittu, sai a ga samanta ya ragu, ƙasanta kuma, inda zaren kolajin yake, wato igiyoyin da ke riƙe fata su ba ta ƙwari, shi ma ya zaizaye. Dalili kuwa, umarnin da ya ce wa sojoji su tsaya, shi ne dai ya ce wa maginan fata su ajiye aiki. Makunni ɗaya ke kashe fitilun biyu. Shekara da shekaru masana ke neman sitiroyid da zai kashe ɗaya ya bar ɗaya. An samu sauƙi a wasu sababbin, amma ba a raba su gaba ɗaya ba.

Mun san wani zai ce, to shi ɓeran me ya yi? Tambaya ce mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ɗan ɓera a tafin hannunsa ya ji zuciyarsa na bugawa ba zai raina ta ba. Tun 1959 wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji 3: in akwai hanyar da ba sai da dabba ba a bi ta, in ya zama dole a rage yawansu, a kuma rage musu wahala iyakar iyawa. A Zariya akwai kwamitin jami'a da sai ya amince kafin a taɓa dabba. Mu da muka taso da jin labarin matar da ta tsare kyanwa da yunwa, wannan ba baƙon zance ba ne gare mu. A ganinmu, mafi ƙarancin hakkin ɓeran nan a kanmu shi ne mu saurari duk abin da ya faɗa, kada mu ɗauki rabin da ya yi mana daɗi kawai.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Saman fatarsa layi 2 ko 3 ne na ƙwayoyin halitta, namu ya ninka haka, don haka magani ya fi saurin ratsa tasa. Ba ya iya cewa nan ke min ƙaiƙayi, sai dai a zauna a ƙirga sau nawa ya ɗaga ƙafar baya ya sosa. Farin ɓera kuma zabiya ne, ba shi da sinadarin launi, ba zai gaya mana abin da zai faru da launin baƙar fata ba. Shi ya sa bayan ɓera sai an koma kan mutane masu sa kai. A 1962 McKenzie da Stoughton suka fito da gwajin da har yau ake amfani da shi wajen jera waɗannan mayuka bisa ƙarfinsu. Za a ɗiga magani a cikin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, a rufe a bar shi ya kwana, washegari a duba. Wurin da aka sa mai ƙarfi sai ya yi fari, don jijiyoyin jini sun tsuke, jini ya janye.

Kun ga inda hasken ya fito? Farin da masu bilicin ke biyan kuɗi su saya, a wurin masana alama ce ta cewa magani ya shiga kuma yana da ƙarfi. Da farko jini ne ya janye. In aka ci gaba, ƙwayoyin da ke yin baƙin fata su ma su rage aiki, fatar kuma ta sirance. Ba datti aka wanke ba, ba kuma wani "asalin launi" ne ya fito ba, kamar yadda masu haɗa mai ke faɗa a TikTok. Illar magani ce aka mayar ado.

Ku kwatanta yadda aka yi gwajin da yadda ake yi a ɗakunanmu. An auna wa ɓera ɗigo, a wuri ɗaya, na awanni ko makonni, da mai lura a kansa. Takardar da ke cikin kwalin kulobetasol ta ce kada babba ya wuce giram 50 a mako, kuma na ɗan gajeren lokaci. A Amurka mako 2 a jere suka iyakance. Mai bilicin kuwa sai ta matse bututu biyu ko uku cikin kwalbar mai, ta shafe jiki daga goshi zuwa ƙafa, safe da dare, wata da watanni. Babu ɗakin gwajin da ya amince da wannan awo. A jikinta ake gwajin, babu gidan kwatance, babu mai rubuta sakamako. Kuma ba 'yan mata kaɗai ba. Samari masu neman fuska ta yi sumul kafin sallah, da masu shafawa bayan aski, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wurin da ake shafawa ma ya ƙara tsananta lamarin. A 1967 Feldmann da Maibach sun auna yadda haidirokotizon ke ratsa sassan jikin mutum. In aka ɗauki cikin hannu a matsayin 1, goshi yana zuƙar ninki 6, gefen muƙamuƙi ninki 13, tafin ƙafa kuwa ko 1 ɗin bai kai ba. Wato fuska, inda aka fi lafta shi, tana cikin wuraren da suka fi sha.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne, kuna ganinsa a gidan biki. Fuska mai sheƙi kamar leda, jijiyoyi sun fito a kumatu, ƙuraje sun ƙaru, wani lokaci har da gashi a inda ba a saba ba. Nankarwa mai faɗi a hammata da cinya da damtse, a jikin yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Wannan kam ba ta gogewa, don zaren fatar ne ya tsinke. Ɗan ƙwarzane sai ya ƙi warkewa. Kusa da ido yana iya jawo hawan jinin ido ko yana, garin neman gira a rasa ido ke nan. In ya shiga jini da yawa, fuska ta cika ta yi zagaye, jini ya hau, suga ya hau, yaro kuma girmansa ya ja baya. Sannan ƙwaƙwalwa, da ta ga sitiroyid ya cika jini, sai ta ce wa 'yan tsokokin nan na saman ƙoda su huta. Ranar da aka daina shafawa kwatsam, jiki ba shi da nasa, ba shi da na aro.

Abin da ya fi shafar makarantun kwana da tsangayu shi ne makero da ƙazwa. Makero ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tana yaɗuwa ta askar wanzami da mataji da hula da tawul. Ƙazwa kuma wani mitsitsin ƙwaro ne mai haƙa rami a fata. A duka biyun, ƙaiƙayin da ake ji ƙarar faɗa ce tsakanin jiki da abokin gaba na gaske. Ka shafa sitiroyid, ka sallami masu gadi ke nan ɓarawo na cikin gida. Ƙaiƙayi zai lafa kwana biyu, zoben makeron ya dushe, daga baya ya dawo ya fi da faɗi, kamanninsa sun sauya har likita ya sha wahalar gane shi. Mayukan nan da ake ce wa masu aiki uku, irin su Funbact-A da Skineal, an haɗa maganin funfuna da na bakteriya da sitiroyid ne wuri guda. Na farko betametazon ke ciki, na biyu kulobetasol, kowa na iya karantawa a jikin kwali. Makeron kai kuwa, mai ba ya kaiwa saiwar gashi inda ƙwayar take, sai maganin sha na makonni. Indiya ta riga mu ganin inda wannan hanya ke ɓullewa. Bayan shekaru ana sayar da irin waɗannan haɗe-haɗe ba tare da takardar likita ba, wani nau'in makero mai taurin kai ya bazu a can, wanda aka raɗa wa suna a 2020. Sau da yawa ba ya jin maganin da aka saba ba shi, kuma ya riga ya tsallaka zuwa wasu ƙasashe.

In kun koma gida hutu, ku leƙa kwandon kayan jariri. Faɗin fatar jariri in an kwatanta da nauyinsa ya fi na babba, ga famfas ya rufe wurin ya riƙe danshi, abin da ke ƙara shigar magani. Wasu iyaye kan cuɗa man nan cikin man jariri don jiki ya yi kyau. Rashin sani ne ba mugunta ba, kuma ɗan sakandaren da ya karanta kwali zai iya gaya wa Inna ko Yaya cikin ladabi.

A 2023 hukumar NAFDAC, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mun ji daɗin hakan, amma sanarwa ba ta shiga akwatin ɗalibi. Lambar NAFDAC a jikin irin wannan kwali kuma tana nufin an yi masa rajista ne a matsayin magani, ba man shafawa na kullum ba. Don haka ku juya kwalin ku nemi inda aka jera abin da ke ciki. Da Turanci ake rubutawa, ga sunayen kamar yadda za ku gan su: hydrocortisone, betamethasone, clobetasol, fluocinolone, triamcinolone, mometasone. Duk wanda kuka gani, sitiroyid ne. Na farkon shi ne mai sauƙi, na ukun shi ne gaba da gabanta. Man da aka haɗa a roba babu kwali babu suna, wanda ake tallarsa a kasuwa ko a WhatsApp, wannan babu mai iya faɗa muku abin da ke ciki sai wanda ya dama shi.

Kada kuma wannan ya sa wanda likita ya rubuta wa ya jefar da nasa. Haidirokotizon da betametazon suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yaron da kirci ya hana barci ya san darajarsu. Likita kan zaɓi mai sauƙi don fuska da yara, mai ƙarfi don wurare masu kauri irin tafin hannu, ya kuma faɗi ranar dainawa. Akwai ma awo mai sauƙi da likitocin Birtaniya suka fito da shi a 1991: man da aka matso daga kan yatsa manuni zuwa gaɓar farko wajen rabin giram ne, kuma ya isa ya shafe faɗin tafin hannu 2 na babba. Sau ɗaya ko biyu a rana, a kan wurin ciwon kaɗai.

Wanda kuma ya daɗe yana shafawa, wata biyu ko uku ko fiye, musamman a fuska ko jiki duka, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Fatar kan yi bore, ta yi zafi da ƙuraje da duhu, abin da ke sa mutane su koma da gudu suna cewa "man ne ya karɓe ni". Sabo ne, ba karɓa ba. A ɗauki kwalin a tafi da shi asibiti. Mu a yankin nan ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko a fara da asibitin da ya fi kusa, likita zai rage shi sannu a hankali. Babu abin kunya a ciki, kuma sirancewar fata, in ba ta yi nisa ba, tana iya gyaruwa bayan an daina.

Ga wani ɗan labari don masu sha'awar kimiyya. A 2010 wasu masu bincike a Japan, Toshihiro Akihisa da abokan aikinsa, suka tace wasu sinadarai daga man kaɗanya, suka gwada su a kunnen ɓeran da aka kumbura da sinadarin da ke sa man kuroton ƙuna, suka tarar suna rage kumburi. Wannan bai nuna man kaɗanya na warkar da kirci ko makero a jikin mutum ba. Kun riga kun san nisan da ke tsakanin kunnen ɓera da fatar mutum. Amma don bushewar fata da kaushin hunturu, shi ko basilin ya wadatar, babu kuma sitiroyid a ciki. Abin da ya ɗan sosa mana rai shi ne kaɗanya bishiyar ƙasarmu ce, ɓera da sikeli nasu. A Zariya da Kano ana irin wannan aiki a kan itatuwan dajinmu, ana kwatanta su da magungunan Bature a ƙafa ko kunnen ɓera, kuma ƙofar shiga ita ce bayoloji da kemistiri da fiziks ɗin da kuke yi yanzu, da lissafin kashi cikin ɗari irin wanda muka yi a sama.

Aikin gida: kowa ya kwafo mana sunayen da ke jikin kwalin da ya samu a ɗakinsu, da abin da ake shafa shi a kai, ba tare da sunan mai shi ba, ya aiko ta hannun malamin kimiyya ko ta adireshin wannan fili. Za mu tattara mu ga wanne ya fi yawa a makarantun Birnin Kudu da Gwaram. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.